Tattabarun Yaro da Takardar WAEC

Mu dai a layinmu, kafin yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare an riga an yanke masa hukunci. Ajin kimiyya za shi. Uba ya faɗa, uwa ta ce amin, kawu ya sa albarka, shi kuwa mai abin yana tsugune gefe yana tsinkar bakin tabarma, ba wanda ya juyo ya ce masa, "Kai fa, me ka gani?" In mace ce, likitar mata muke so, ko nas, ko unguwarzoma. In namiji ne, likita ko injiniya. Ajin adabi da na kasuwanci kuwa mun bar wa waɗanda muke cewa kansu ba ya ja, har uwa kan rage murya idan za ta gaya wa maƙwabciya cewa nata can aka kai shi.

Ba da mugun nufi muke yi ba. Duk wanda ya taɓa kai iyalinsa asibiti da tsakar dare yana neman likita mace bai samu ba, ya san inda burin nan ya samo asali. Kano kuma ta ga amfanin abin da idonta. Tun da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu ba su ƙirguwa, kusan kowace unguwa tana da nata da ake nuna wa yara. Sai dai gurbin karatun likita a jami'a kaɗan ne, masu nemansa dubbai. Ragowar fa? Su ne za ka gani sun yi shekara uku suna kokawa da fiziks da kemistiri ba da son ransu ba, su rubuta JAMB sau biyu sau uku, a ƙarshe su karɓi duk kwas ɗin da aka miƙo musu. Alhali tun suna 'yan shekara goma sha uku gidan kowa ya san abin da hannunsu ya fi faɗawa a kai. Mun gani sarai, shashanci muka kira shi.

Abin da ya tayar da zancen a majalisarmu ta wurin mai shayi, tattabaru ne. Alhaji mai kanti ya zo bayan isha'i ransa a ɓace, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Wallahi Malam, gobe-goben nan zan sa a yanka su, a yi farfesu kowa ya huta. Yaro yana can ƙasan aji, amma tambaye shi wace tattabara ce ta yi ƙwai ran Laraba, zai ba ka amsa ba gargada."

Malam ɗin da yake wa magana tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya, shi muke kai wa duk wata takardar da ta gagare mu. Ya ajiye kofi ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Yaron da ya riƙe tattabaru arba'in a ka, ya san uwar kowacce, ya san ranar da za ta ƙyanƙyashe, ai ba daƙiƙi ba ne. Ka ajiye wuƙar tukuna, ka ba ni aronsa."

Abin da Malam ya yi da yaron nan ba wani tsafi a ciki, kuma shi ya sa nake son in faɗe shi dalla-dalla. Littafin rubutu ya saya masa, ya ja masa layuka: kwanan wata, kuɗin dawa da gero, ƙwai nawa aka yi, nawa suka ƙyanƙyashe, nawa suka mutu, nawa aka sayar kuma a kan nawa. Tattabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta kamar kwana 18, wannan yaron ya sani tun kafin Malam ya buɗe baki. Abin da bai sani ba shi ne idan ƙwai 20 suka ba da 'ya'ya 14, kashi 70 cikin ɗari ke nan, kuma wannan kashi cikin ɗarin shi ne dai wanda yake gudu a allon makaranta. Da ya ga wata ɗaya ya samu 70, wani watan 50, da kansa ya dawo yana tambaya, "Baba Malam, me ya rage su?" Daga nan aka shiga zancen zafi da sanyi, da ƙwayoyin cuta, da dalilin da ya sa annoba kan share akurkin kaji a 'yan kwanaki, da rigakafin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke haɗawa, da kajin ƙwai na Shika Brown da masanan Shika kusa da Zariya suka samar. Bayoloji ke nan, amma ba wanda ya kira sunansa. Kowace Juma'a kuma sai ya rubuta rabin shafi da Turanci kan abin da ya faru a akurki cikin makon, Malam ya bi da jan biro.

Ba zan ce yaro ya zama na ɗaya a aji ba, don bai zama ba. Amma ya daina ɓuya ranar kemistiri, tun da Malam ya gaya masa cewa karatun likitan dabbobi a Zariya ko Sakkwato ba ya samuwa sai da shi, in kuma bai kai can ba ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta. Alhaji da ya ji haka sai ya yamutsa fuska ya ce, "Likitan kaji?" Malam ya ce, "Likita dai, Alhaji. Ka tambayi masu gidan gona nawa suke biyansu." Ajin kimiyyar da uban ke so, a cikinsa yaron ya zauna. Dalili kawai aka ba shi, dalilin kuma daga akurkinsa aka ɗauko.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan lokacin da yaran nan ke yi a hannunmu. Boko ana tashi wajen ƙarfe biyu. Islamiyya daga la'asar zuwa dab da magariba, ita ma tana hutun Alhamis da Juma'a. Asabar da Lahadi ba boko. Ga dogon hutu na damina. In ka tara, gida ya fi makaranta riƙe yaro nesa ba kusa ba. Me muke zubawa a wannan lokacin? Mai hali ya ɗauko mai lesin, ya zo ya maimaita wa yaro da yamma abin da ya gundure shi da safe, da littafi ɗaya da salo ɗaya. Marar hali ya ce, "Tashi ka ɗauki littafinka," ya fita abinsa. Malamin aji da ɗalibai tamanin ko ɗari a gabansa ba zai taɓa sanin wane ne ke kwance tsohuwar rediyo a ɗakin uwarsa ba. Uwar ce ta sani, don ita ke share tarkacen.

Wani matashi a cikinmu, wanda yayansa ke zaune a Amurka, ya ce ai can iyaye da yawa cire yaran suke yi daga makaranta gaba ɗaya, su koyar da su a gida, su tsara wa kowane yaro karatunsa a kan abin da yake so, kuma doka ta yarda a duk jihohinsu 50. Malam ya ce gaskiya ne, amma a Jamus haramun ne a dokarsu, don haka ko Turawan ba su haɗu a kan baki ɗaya ba. Ya ce mu nan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa yaro shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare. Bayan nan ma, gida nawa ne a layin nan ke da wanda zai koyar da kemistiri, ko ɗakin gwaji? Akwai jarrabawar 'yan waje ta WAEC da ta NECO ga wanda ba ya makaranta, ƙofar ba a rufe take ba, amma ba ita ce shawarar da zai ba talaka ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A ƙasar da yaran da ba sa zuwa makaranta suka kai miliyoyi, ba ma bukatar sabon uzurin zaunar da yaro a gida, musamman 'ya mace.

Sai dai ko ba mu zaɓa ba, gida kan zama makaranta da ƙarfin tsiya. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, yara suka yi watanni a gabanmu. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a ƙarshen shekarar da na Jangebe a farkon 2021, makarantun kwana da yawa a arewa suka sake zama a kulle. A lokacin ne kowa ya ga halin gidansa. Wasu yaran suka fito da sana'a a hannu, wasu suka fito da sabbin abokan da har yau iyayensu ke kuka da su.

Liman, wanda ba kasafai yake sa baki a hirar boko ba, ya ce shi mamakinsa yadda muke jin abin kamar baƙo. "Ku da kuka tashi a gaban malaman zaure? Wa ya taɓa ganin an haɗa mutum goma a shafi ɗaya? Kowa da littafinsa. Wannan yana Ahalari, wancan yana Iziyya, na gefe ya kai Risala. Kowa ya matso ya biya nasa, a ƙara masa gwargwadon abin da kansa zai ɗauka. Malam in ya ga ɗalibi ya karkata ga nahawu, sai ya ce je wurin wane ka yi Ajurumiyya, ya fi ni a nan. In ya ga mai son lissafi ne, ya tura shi ga rabon gado." Ya kawo Nana Asma'u, wadda a gidan mahaifinta Shehu ta yi karatunta, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara jajis da 'yan taru suna kai wa mata karatu har cikin gidajensu a ƙauyuka.

Tela, wanda shagonsa ke jikin masallaci, ya ce, "Allah gafarta Malam, haka ne. Amma a wajen sana'a iyayenmu ma ba tambaya suke yi ba. Ɗan maƙeri maƙera, ɗan marini karofi. Ni nan keke gadonsa na yi, ba zaɓa na yi ba." Maganarsa ta zauna. Uban da ya tilasta wa yaro zaman rumfarsa a Kantin Kwari yana kallo yaron na ƙunci, da wanda ya tilasta masa ajin kimiyya, abu ɗaya suka yi.

Ta wajen mata kuwa, Yayata ce ke kawo mini rahoto, kuma a can abin ya fi ciwo. Namiji in ya dawo daga makaranta yana da yammacinsa. Mace tana ajiye jaka sai wanke-wanke, sai raino, sai ɗora sanwa, wata ma sai talla. Aikin gida tarbiyya ne, ban ƙi ba, amma yaushe za a gane abin da yarinya ke so idan ba ta da ko sa'a ɗaya tata ta kanta? Raba aikin nan da 'yan'uwanta maza ba ya rage wa kowa daraja.

Yaya ta ba ni labarin wata maƙwabciyarsu da 'yarta ta kamu da karatun littattafan Hausa a waya, dare da rana. Uwar ta ƙwace waya, ta yi faɗa, ta yi kuka. Gwaggon yarinyar, malamar firamare ce, ta ce mata, "Yaya, yarinyar da ke cinye shafi ɗari a dare ɗaya kike kuka da ita? Wasu roƙon nasu suke su karanta layi biyu. Ki zauna ku karanta tare, ki ga wanne ne na kirki wanne ne na banza." Don akwai na banza, kowa ya sani, abin da ke yawo a WhatsApp ba duka ne ya dace da 'yar shekara sha biyar ba. Gwaggo ta kawo mata Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ta kawo Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ta kuma ba ta labarin marubuciyar, yadda aka cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta koma ta nemi karatu da girmanta. Sannan ta ce duk littafin da ta gama, ta rubuta shafi guda: wa ya yi daidai a labarin, wa ya yi kuskure, in ke ce ya za ki ƙare shi? Wata rana da Hausa, wata rana da Turanci. Yanzu yarinyar nata take rubutawa. Ta san Hausa darasi ce da ake rubutawa a WAEC da JAMB, ta san akwai sashenta a Jami'ar Bayero, ta san a 2016 BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla, tana jiran shekarunta su kai. An mayar da ita ajin adabi, uwar ta daina rage murya.

Mai son ɗinki ma haka. Turmin atamfa yadi shida ne, yadi ɗaya inci 36, awon ƙirji sai an raba shi huɗu kafin a ɗora almakashi, a ƙara na ɗinki. Yarinyar da ta iya wannan ba ta da hujjar tsoron lissafin ɓangare, sai dai in ba a taɓa nuna mata cewa shi ne take yi kullum ba.

Gwamnati ma ta hango wannan. A manhajar babbar sakandare ta 2011 an sa darussan sana'a har 34, kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya: ɗinki, kiwon dabbobi, kiwon kifi, rini, ɗaukar hoto, aikin fata, har da gyaran waya. Amma makarantar da ba ta da keke ko ɗaya ya za ta koyar da ɗinki? Da yawa sai suka zaɓa wa yara wanda alli kaɗai yake bukata. Kayan aikin kuwa suna nan a layinmu, suna Farm Centre, suna Ƙofar Ruwa, suna karofin Ƙofar Mata. Akwai wani yaro a bayan layinmu da ke bin mai haɗa sola ranar Asabar. Ubangidansa ya sa shi ya lissafa: batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, fanka mai wat 60 in ta yi awa biyar ta ci 300, to saura nawa, kuma me ya sa ba a bari batir ya ƙare ƙaf? Ranar da malamin fiziks ya zo kan babin lantarki, yaron nan ne ya ɗaga hannu, shi da bai taɓa ɗagawa ba. Irinsa in bai tafi jami'a ba, ga foliteknik, ga jarrabawar NABTEB da aka kafa tun 1992 don masu sana'ar hannu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, tun yana yaro mai yawan zanen motoci ne, kuma ta foliteknik ɗin Birnin Kebbi ya bi kafin ya tafi Detroit. Da a wasu gidajenmu ya tashi, da ya sha duka kan ɓata takarda.

Akwai inda abin ke lalacewa, kuma majalisa ba ta ɓoye ba. Na farko kuɗi. Yaro ya fara riƙe dubu biyu dubu uku a rana daga gyaran waya, sai aji ya fita daga ransa, ya fara ganin malaminsa a matsayin wanda bai kai shi samu ba. Shi ya sa Malam ya ce sharaɗi tun ranar farko ake kafa shi, a gaban ubangidan: shago sai Asabar da Lahadi da hutu, kuma duk zangon da sakamako ya faɗi, shago ya tsaya. Kiredit biyar da Turanci da lissafi a ciki ba abin ciniki ba ne, don ko bayan shekara goma yaron ya so komawa karatu, su za a fara tambayarsa. Na biyu ubangida. Ba kowane gwani ne mutumin kirki ba, sai ka san wa ke zama a shagon, me ake sha, me ake kallo. Mu kan miƙa yaro mu ce, "Ga amana nan," ba za a sake ganinmu ba sai an yi ɓarna. Na uku kuma haƙuri, domin ɗan shekara sha biyar bana sola yake so, baɗi ya ce hoto. Uba sai ya fusata ya ce an yi asarar kuɗin kayan aiki. Ni ban ga asara ba. Gara ya gwada ya bari yanzu da yake cin tuwon gidanku, da ya gano yana da shekara talatin da iyali a wuya.

Kafin a shiga dogon hutun nan mun yi wani abu da ban taɓa ganin mun yi ba. Malam ya ɗauko takarda ya rubuta wa ya iya me a layin. Kafinta ya ce zai ɗauki biyu. Tela ya ce uku, amma da sharaɗin wanda ya zo da ƙafarsa, ba wanda aka jawo ba. Wata nas da ke gidan ƙarshe ta aiko cewa 'yan matan da da gaske suke son aikin asibiti su riƙa zuwa wurinta ran Lahadi, ta koya musu awon jini da zafin jiki, su ji labarin aikin dare tun yanzu, mai iyawa ta san tana iyawa.

Ƙwallo ce ta gagare mu. Kusan rabin yaran layin ita ce burinsu, kowa Ahmed Musa yake kallo, yadda ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Turai. Wasu suka ce a hana kawai. Malam ya ce hani ba ya aiki, a bar su su buga, amma mai son ƙwallo ya riƙa rubuta rahoton wasan unguwa da Turanci, ya riƙa lissafa teburin maki, a kuma gaya masa gaskiya cewa cikin dubu da ƙyar ɗaya ke cin abinci da ƙafarsa. Alhaji mai kanti ya ce wannan dai lallashi ne. Ana cikin haka mai shayi, da tun ɗazu yake ta fifita wuta bai ce uffan ba, ya ce, "To ni nawa fa, Baba Malam? Waƙa yake so. Kullum yana ɗaki yana rera wa waya." Liman ya gyara zama, tela ya ce ai ya taɓa jin muryar yaron kuma tana da daɗi, Alhaji ya ce shi kam ba ruwansa. Malam ya ce a turo masa yaron da abin da ya rubuta, yana so ya fara ganin ko ya san amsa-amo da ma'aunin baiti kafin kowa ya yanke hukunci. Liman ya ce shi ma a kawo masa ya duba abin da baitocin ke cewa. An tsayar da Asabar bayan la'asar, a zauren Malam.